Taga, Maƙwabci da Zato: Abin da Labaran “Nuwar” Ke Faɗa a Kan Sa-ido

Idan mutum ya yi ta leƙen gidan maƙwabcinsa, ya ƙulla masa mummunan zato a zuci, daga baya kuma zaton ya tabbata, shin ya yi daidai ke nan, ko kuwa sa'a kawai ya taka?

Wannan tambayar ce ta raba majalisarmu ta bayan isha'i gida biyu a nan Garwa ta ƙasar Kamaru, cikin zafin Afrilu, lokacin da ɗaki ba ya shiguwa sai dare ya raba. Wani ƙanenmu ɗalibi ne ya zo da kwamfutarsa ya ɗora a kan benci, ya kunna mana wani tsohon fim na Amurka da aka juya zuwa Faransanci, wanda masu jin harshen suka sani da suna Fenêtre sur cour. Labarin wani mai ɗaukar hoto ne da ya karye a ƙafa, aka yi masa ɗori aka naɗe ƙafar da filasta, ya rasa abin yi sai kallon tagogin maƙwabta, har ya tsayar a ransa cewa ɗaya daga cikinsu ya kashe matarsa.

Ana gamawa Alhaji mai shagon kayan masarufi ya tafa hannu ya ce, “Kun gani ko? Ruwa ba ya tsami banza. Da yaron nan bai sa ido ba, da jinin baiwar Allah ya tafi a banza.” Malam, wanda yake jan mu salla in liman ya yi tafiya, ya gyara zama ya ce, “Alhaji, ai ka san zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya.” Kafin su yi nisa sai wani matashi mai babur na haya ya juya ga ɗalibin ya ce, “Yaya, ka ce mana fim nuwar ne. To ina baƙaƙen fatar? Ni ban ga ko ɗaya ba.” Aka yi dariya, amma rabin masu dariyar su ma ba su san amsar ba. Daga tasa tambayar ya kamata a fara.

Wane baƙi ake nufi?

Kalmar ta Faransanci ce, ana rubuta ta noir, muna furta ta nuwar, ma'anarta baƙi. A ƙasashe irin Kamaru da Cadi, inda kalmar ke yawo a bakin kowa da ma'anar baƙar fata, ba abin mamaki ba ne mutum ya ɗauka fim ɗin 'yan Afirka ake nufi. Baƙin da ake magana a nan shi ne wanda Bahaushe ke sa wa ciki da zuciya da aniya: baƙin ciki, baƙar zuciya, baƙar aniya, baƙin labari.

A shekarar 1945 kamfanin ɗab'i na Gallimard da ke birnin Faris ya fara fitar da jerin littattafan laifi masu baƙin bango, ƙarƙashin jagorancin Marcel Duhamel, aka sa musu suna Série noire. Akasarinsu a farko fassara ce daga marubutan Amurka da Ingila. Sunan ma yana da harshen damo, domin a Faransancin yau da kullum idan masifu suka yi ta bin mutum ɗaya bayan ɗaya, haka ake kiran abin. Shekara guda bayan nan, a 1946, finafinan Amurka da yaƙi ya hana su shiga Faransa suka iso a tare, sai wani mai sharhi, Nino Frank, ya lura da duhun da ke cikinsu, ya kira su fim nuwar. Ke nan Amurkawa ne suka haifi ɗan, Faransawa suka raɗa masa suna.

Asalin labaran kuwa mujallun arha ne da ake bugawa a kan takarda marar kyau, irin su Black Mask da Dime Detective, wadda sunanta ma daga kuɗinta ya samo asali, wato kwabo goma na Amurka. Leburori da direbobi da marasa aiki ne ke saye, musamman bayan durƙushewar tattalin arziki ta 1929.

Bambancinsa da labarin ɗan sanda mai bincike

Nan ma ana cakuɗa su. A labarin bincike na gargajiya, an yi laifi, wani mai kaifin basira ya zo ya bi sawu, ya nuna mai laifi, kowa ya koma harkarsa da kwanciyar hankali. A nuwar, wanda ke ɗauke da labarin yawanci talaka ne kamar ni da kai, wanda bashi ko sha'awa ko kaɗaici ko tsoro ya ja shi cikin rami. Ko an kama mai laifin a ƙarshe, da wuya ka ga wanda ya fita da farar riga.

Sai kuma abin da ke riƙe mai karatu, wato zullumi. Alfred Hitchcock, wanda ya shirya fim ɗin da muka kalla, ya bayyana wa François Truffaut, wani mai shirya fim ɗan Faransa, wannan a doguwar hirar da suka yi a 1962, da misalin bam a ƙarƙashin tebur. In ya fashe ba zato, mai kallo zai firgita na ɗan lokaci. In kuwa an nuna masa bam ɗin tun farko, aka nuna agogo, mutanen da ke teburin suna ta hirarsu ba su sani ba, to zai zauna cikin ɗar-ɗar har a gama. Labarin leƙen maƙwabci ya ƙara wani abu a kan wannan: mai karatu bai ma tabbata akwai bam ɗin ba. Abin da yake da shi kawai maganar wani mutum ne da ke zaune a bakin taga yana rantsuwa cewa ya gani.

Mutumin da ke bakin taga

Fim ɗin ya fito a 1954, da sunan Rear Window a Turanci, James Stewart da Grace Kelly ne manyan 'yan wasansa. Masu sharhi da yawa ba sa lissafa shi cikin tsantsar nuwar saboda mai launi ne kuma akwai raha a ciki. Amma gajeren labarin da aka ciro shi daga ciki nuwar ne tsagwaronsa. Cornell Woolrich ne ya rubuta shi, ya fito a Dime Detective a 1942. Masu karatu da Faransanci sun fi saninsa da sunan aro, William Irish. An haife shi a 1903 ya rasu a 1968, kuma ya yi shekaru masu yawa yana zaune a ɗakunan otal a birnin Niyok tare da mahaifiyarsa, ba ya cika cuɗanya da jama'a. Mutum ne da ya san yadda duniya take idan ana hango ta daga ɗaki.

Abin lura shi ne yadda aka gina zaton, bulo bayan bulo. Maƙwabcin, Lars Thorwald, yana da mata mai jinya wadda ba ta tashi daga gado. Wata rana sai aka daina ganinta. A fim ɗin, ya fita cikin ruwan sama tsakar dare da akwatin sana'arsa ya dawo, ya sake fita. An hango shi yana naɗe wuƙa da zarto a cikin jarida. An hango shi yana ɗaure wani babban akwati da igiya. Ɗauki kowane ɗaya daga cikin waɗannan shi kaɗai, ba kome ba ne. Wane gida ne babu wuƙa? Wane magidanci ne bai taɓa ɗaure kaya da igiya ba? Amma idan aka jera su a zaren da mai kallo ya riga ya murza, sai biri ya yi kama da mutum.

Taga tana da wani aibi da marubutan nan suka gane tun da wuri: tana ba da hoto, ba ta ba da murya. Kana ganin mutum yana ɗaga hannu yana buɗe baki, ba ka san ko faɗa yake ko dariya ba. Kana ganin ya shiga wani ɗaki, bango ya ɓoye shi, ya fito bayan minti goma. Waɗannan mintuna goma kai ne za ka cike su, kuma da abin da ke cikin zuciyarka za ka cike. Shi ya sa Hitchcock ya kafe kyamararsa kusan duk tsawon fim ɗin a cikin ɗakin mai karayar, bayan ya sa an gina dukan farfajiyar da benayenta a cikin ɗakin shirya fim. Ba ya barin ka tsallaka ka ji da kunnenka. Kana ɗaure a kujera tare da mutumin, abin da ya hango shi ka hango.

Akwai wuri guda da Alhaji bai tsaya a kansa ba, ni kuwa a gare ni nan ne cibiyar fim ɗin. Abokin mai karayar, wanda ɗan sanda ne, ya je ya bincika ya dawo da bayani: an ga wata mata ta fita tare da Thorwald da sassafe, ga katin gaisuwa da aka ce ita ta aiko daga inda ta sauka, akwatin nan kuma tufafinta ne a ciki. Maimakon su yi hamdala, sai mai karayar da budurwarsa suka yi tagumi. Ita da kanta ta farga ta ce abin kunya ne a same su suna baƙin ciki don an ce mutum bai kashe matarsa ba. Wato sun kai matsayin da ran matar ya zama cikas ga labarinsu. Duk wanda ya taɓa zama a majalisar gulma ya san wannan yanayin, lokacin da wani ya zo da bayanin da ya wanke wanda ake ci da rai, sai ka ga fuskoki sun canja kamar an ɗauke musu kwanon abinci.

A ƙarshe dai zaton ya tabbata, Thorwald ya yi kisan. A gajeren labarin ma an gano ya binne ta ne ƙarƙashin sabon simintin ɗakin girki a benen da ake gyarawa a saman nasa. Wannan ne hujjar Alhaji, kuma ba ƙaramar hujja ba ce.

Taga ɗaya, sakamako daban

Sai dai shekara tara kafin labarin Woolrich, a 1933, Georges Simenon, ɗan Beljiyam da ke rubutu da Faransanci, ya fitar da Les Fiançailles de M. Hire. Shi ma akwai taga, akwai farfajiya, akwai gawa. An tsinci gawar wata mata a wani fili a Villejuif, gefen Faris. A unguwar akwai wani mutum, Hire, gwauro, marar abokai, ɗan wani tela Bayahude, wanda ba ya shiga sabgar kowa kuma ba wanda ke son ganinsa. Matar da ke kula da ƙofar gidan hayar ta hango tawul mai jini a ɗakinsa, ta kai wa 'yan sanda. Daga nan duk abin da ya yi ya zama shaida. In ya yi shiru, yana ɓoye wani abu. In ya yi sauri, gudu yake.

Shi kansa Hire ba waliyyi ba ne. Yana kashe fitilarsa ya tsaya cikin duhu yana leƙen wata budurwa, Alice, da ke ɗakin da ke kallon nasa, kuma ta nan ne ya san cewa saurayinta ne ya yi kisan. Ya rufe bakinsa saboda son da yake mata. Ita kuwa ta lallaɓa ta ajiye jakar mamaciyar a ɗakinsa. Jama'ar unguwa suka yi masa ca, ya haye rufin gida, a nan ajalinsa ya same shi, mai laifin na gaskiya yana cikin masu kallo.

A nan ne nake ganin hujjar Alhaji ta yi rauni. Matar ƙofar gidan nan da mai karayar Woolrich hanya ɗaya suka bi: sun hango guntun abu, sun riga sun ƙi jinin mutumin ko sun gaji da zaman banza, suka cike gurbin da kansu. Ɗaya ya dace, ɗaya ta jawo mutuwar marar laifi. Daga cikin kan mai zaton, a lokacin da yake zaton, babu wata alama da za ta gaya masa a cikin wane labarin yake. Dukansu biyu suna jin tabbaci iri ɗaya. Marubuci ne ya zaɓa wa kowanne ƙarshensa, a rayuwa kuwa babu marubucin da zai tsaya maka.

Kuma a lura da wanda zato ke fara faɗa wa. Mai baƙin jini, baƙo, wanda harshensa ko asalinsa ya bambanta, wanda ba ya zuwa suna da jana'iza. Littafin Simenon ya fito a shekarar da Hitler ya hau mulki a Jamus.

Me ya sa irin wannan labari ya tsiro a can?

Gini ne ya fara haifar da shi. A 1940 mutanen birnin Niyok sun haura miliyan bakwai, da yawansu a benaye masu hawa-hawa, bayan wannan gida na kallon bayan wancan. Kana iya ganin abin da mutum ke ci da dare shekara biyar ba ka san sunansa ba. Kusanci na ido ba tare da zumunci ba, shi ne takin da zato ya fi so.

Sai zamanin. A Faransa lokacin mamayar Jamus, wasiƙun tsegumi marasa sa hannu sun yi ta kwarara zuwa ofisoshin hukuma, har Henri-Georges Clouzot ya yi fim a 1943, Le Corbeau, a kan garin da irin waɗannan wasiƙu suka hargitsa. A Amurka kuwa fim ɗin Hitchcock ya fito ne a ƙarshen zamanin Sanata McCarthy, lokacin da zargin kwaminisanci kaɗai ya isa ya raba mutum da aikinsa.

Zaure da katanga, da abin da ya biyo bayansu

Gidanmu na gargajiya an gina shi ne don ya hana wannan labari aukuwa. Katanga ko darni ya kewaye, zaure ya tare baƙo, ƙofar shigifa ba ta kallon ƙofar waje, tagogi ƙanana ne kuma a sama. Saare na Fulanin yankin nan ma haka yake. Ba son rai ne na magina ba. Suratul Hujurat, aya ta 12, ta haɗa abu uku a jere: a nisanci yawan zato, kada a yi bincike a kan asirin mutane, kada a ci naman juna. Jerin nan da kansa tamkar taswirar labarin nuwar ne, domin zato ne ke tura mutum leƙe, leƙe kuma ya ba shi abin faɗa. Hadisin Sahlu ɗan Sa'adu da ke Bukhari da Muslim ya nuna cewa saboda ido aka shar'anta neman izinin shiga. Littattafan Malikiyya kuma sun kawo hukuncin Sayyidina Umar a kan wani da ya yi bene a Masar ya buɗe taga: a sa gado a bayan tagar, mutum ya hau ya tsaya, in yana hango cikin gidan maƙwabci a toshe ta. Wani magini na Tunis a ƙarni na 14, Ibnur Rami, ya tara irin waɗannan hukunce-hukunce a littafi guda.

To amma yau mutum nawa ne a Garwa ko Marwa ko Kuseri ko Njamena ke da zaure? Gidan haya ya ci garin. Ɗaki takwas, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya, igiyar shanya ɗaya, labule ne kawai tsakaninka da sirrin wani.

Ni na zauna a irin wannan gida, kuma a nan na yi tawa karayar, sai dai tawa taifot ce. Kwana goma sha biyu ina kwance a kan tabarma a bakin ƙofa, labule a ɗage rabi don iska. Ɗakin da ke kallon nawa wasu sababbin 'yan haya ne, wata biyu da tarewa, miji da mata. Mijin ba ya wuce “ina kwana” da “sai da safe”. Matar kullum cikin babban hijabi take, na saba jin ƙarar bokitinta a famfo bayan asuba. Ran nan sai na lura kwana uku ban ji bokitin ba. Sannan na fara jin shigowar mijin wajen ƙarfe uku na dare, yana jan buhu jiƙaƙƙe. Wani dare ya fito da wata leda babba ya shimfiɗa a bakin kwata yana dirza, da hasken tocilan ɗinsa na ga ruwan da ke gangarowa ja ne.

Da safe Goggo, tsohuwar da ke ɗakin ƙarshe, ta kawo mini kunu, ta durƙusa ta rage murya ta ce, “Ɗana, ka ga abin da na gani? Da walakin, goro a miya.” Ban ce mata e ba, ban ce a'a ba, amma na ji wani daɗi da har yanzu nake jin kunyarsa, daɗin samun abokin zato. Cikin kwana biyu na tuna cewa na taɓa jin muryarsu ta ɗaga. Na tuna bai taɓa kallona ido cikin ido ba. Na shirya da zarar ƙafata ta ɗauke ni in je wurin jauro, wato mai unguwa.

Allah ya sa jinyar ta ja. Kafin in miƙe, wani ɗan'uwan mijin ya zo nemansa bai same shi ba, ya zauna a bakin ƙofata yana jira, a cikin hira ya ce ai amarya ta tafi goyon ciki gidan iyayenta a ƙauye. Cikin fari ne, shi ya sa mijin ko da wasa ba zai ambata ba, kunyar ɗan fari ta hana. Fitar dare kuwa kifi yake sarowa daga tafkin Lagdo yana kai wa mata masu suya kafin gari ya waye, yana tara kuɗin ragon suna. Jan ruwan jinin kifi ne. Warin da ya isa ya gaya mini gaskiya tun daren farko ina jin sa, amma ban sa shi a lissafi ba, don bai dace da labarina ba.

Lokacin da hukuma ke neman idonka

Da a gidan haya abin ya tsaya, da sai a ce sa-ido sana'ar banza a wuce. Amma yankinmu ya san wani mataki na gaba. A Cadi, zamanin Hissène Habré, daga 1982 zuwa 1990, hukumar tsaron farin kaya da aka sani da DDS ta shimfiɗa 'yan rahoto har cikin unguwanni, mutum ba ya sakin baki ko a gaban wanda suke cin tuwo tare. Kwamitin binciken da aka kafa bayan faɗuwarsa ya ƙiyasta a 1992 cewa an kashe mutum kusan 40,000. A 2001 aka gano tarin takardun hukumar a tsohuwar hedikwatarta da ke Njamena, suka zama shaida a shari'ar da aka yi a Dakar, inda aka yanke masa ɗaurin rai da rai ranar 30 ga Mayu 2016. Dattawan Njamena ba sa buƙatar Simenon ya koya musu abin da rahoton maƙwabci ke iya yi.

A ɗaya gefen kuma akwai 2015. Ranar 15 ga Yuni aka kai harin ƙunar baƙin wake a Njamena, ranakun 22 da 25 ga Yuli aka kai a Marwa, har da babbar kasuwa. Bayan nan kwamitocin sa-ido na unguwanni da ƙauyuka suka bazu a jihar Arewa Mai Nisa ta Kamaru, a Mora da Kolofata da Fotokol da sauransu. A nan dole a yi wa Alhaji adalci. Mutanen nan sun tare masu ɗauke da bam a bakin gari, wasunsu sun rasa rayukansu a wurin, kuma abin da ya sa suka iya shi ne sun san fuskar kowa, baƙuwar fuska ba ta ɓuya musu. Wanda ya ce a irin wannan hali kowa ya runtse ido ya kama gabansa, bai taɓa tsintar takalman mutane a kasuwa ba. Amma masu bincike irin su International Crisis Group sun rubuta cewa an samu waɗanda suka yi amfani da damar suka kai sunan abokan gabarsu, a kan rikicin da bai shafi ta'addanci ba.

Talaka ya shiga tsaka mai wuya, domin doka ta tsare shi gaba da baya. Kundin hukunta laifuka na Kamaru, a sashe na 304, ya tanadi hukunci ga wanda ya kai ƙarar ƙage. A lokaci guda kuma, tun bayan dokar yaƙi da ta'addanci ta Disamba 2014, kotunan soja sun ɗaure mutane a kan rashin kai rahoto. Masu sauraron rediyo ba su manta da Ahmed Abba ba, wakilin sashen Hausa na RFI, wanda aka kama a Marwa a Yuli 2015, aka yanke masa shekara 10 a 2017 bisa tuhume-tuhumen da suka haɗa da rashin kai rahoto, kafin kotun ɗaukaka ƙara ta rage hukuncin aka sake shi a Disambar shekarar. In ka yi magana kana iya hallaka marar laifi, in ka yi shiru kana iya kwana a gidan yari. Mai karayar Hitchcock bai taɓa fuskantar rabin wannan ba, shi abokinsa ne ɗan sandan, yana zuwa har ɗaki su sha abin sha.

Yanzu kuma taga ta koma aljihu. Bidiyon daƙiƙa 30 a WhatsApp ko Facebook yana da aibin tagar Woolrich sak: ba ka ga abin da ya faru kafin a kunna kyamara ba, ba ka ga na bayanta ba, wanda ya turo kuma ya riga ya rubuta maka fassarar a ƙasa. Bambancin kawai shi ne masu leƙen sun zama dubbai, kuma kalmar “ɓarawo” in ta fita a kasuwa ba ta jiran bincike.

Inda gardamar ta tsaya

Ni dai a wannan muhawara na fi karkata ga Malam, ko da yake ban yarda a mayar da karin maganarsa bargon lulluɓe ido ba. Ayar ma yawan zato ta ce a nisanta, ta ce sashensa ne zunubi, kuma a surar dai, aya ta 6, umarnin da aka bayar game da labari shi ne a tabbatar kafin a afka wa mutane cikin jahilci. Abin da na koya a kan tabarmar jinya shi ne raba “na ga ruwa ja a kwata” da “ya kashe ta”. Na farkon idona ne ya ba ni, na biyun ni na ƙera. Da na isa gaban jauro, na san wanne zan fara faɗa, kuma na san ba zan ambaci warin kifi ba.

Da na ba su wannan labari a majalisa, Alhaji bai sauka daga kan bakansa ba. Ya juya ya ce, “To Malam, ka ji ihun mace a gidan maƙwabcinka ƙarfe biyun dare, washegari ba ka gan ta ba. Me za ka yi?”

Malam ya ce, “Sai in je in yi sallama, in tambayi lafiyar iyali.”

Ɗalibin ya sa baki ya ce lallai a duk tsawon fim ɗin, cikin masu zaton nan babu wanda ya taɓa ƙwanƙwasa wa Thorwald ƙofa ya gaishe shi. Sun tura masa takarda marar suna ta ƙarƙashin ƙofa, sun kira shi a waya don su fitar da shi daga gida, sun haura masa ta taga.

Alhaji ya ce, “In ka yi sallamar ya fito da adda a hannu fa?”

Malam ya buɗe baki zai amsa, sai mai shayi ya fara tattara kofunansa yana cewa kowa ya biya, sha biyu ta wuce.